Munduwar Malam a Ƙafar Akuya

"Wata shida, Inna. Wata shida akuya ke yi wa Baba tafiya."

Tasalla ta ci gaba da tsintar shinkafa, ba ta ɗago ta dubi ɗiyarta Hurera ba. Tun da aka kafa dokar nan, duk wanda ɓarin jikinsa ya shanye sai asibiti su ɗaura masa munduwa a ƙafa mai ƙirga taku, dubu uku kullum, don kada ƙwaƙwalwa ta ƙarasa mutuwa. Shi kuwa mijinta Malam Tanko taku goma yake yi sai hawaye. Ranar da ya faɗi a bakin rijiya, Tasalla ta kwance abin ta ɗaura wa akuyarta. Duk unguwa mun sani, muka dai ja bakinmu.

"Tausayinsa na ji," in ji Tasalla. "Ke kina birni, ni ke ɗaga shi."

"Likita ya ce lokaci ya wuce. Da ya taka, da yanzu bakinsa ya buɗe."

Malam na kan tabarma yana bin su da ido, leɓe na motsi, ba sauti. A watan farko har sunan Tasalla yana iya kira.

Sai ga akuyar ta shigo tsakar gida, munduwar ta yi magana da muryar nan tata mai daɗi: "Sannu da ƙoƙari, Malam Tanko. Yau ma ka cika taku dubu uku."

Hurera ta fizgi mayafinta ta fice, ta bugo ƙofa.