Barci a Ramin Faifai

Ana tsakiyar gasar harbi a Alƙahira, injin da ke cilla faifan yumɓu sama don a harba ya tsaya cak. Maharba suka sauke bindigogi suna ƙunƙuni.

Husam, mai kula da filin, ya faɗa ramin injin a fusace. Shi ya tsaya wa Hamad, ɗan gudun hijirar Sudan, aka ba shi aikin loda faifai. Sai ga Hamad sheme yana barci.

Tun bai taɓa shi ba, Hamad ya zabura. "Me ya sa suka daina harbi?"

"Barci a ƙarƙashin bindiga, Hamad?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Yaya. Nan kaɗai nake iya runtsawa. A Khartum, in harbi ya tsaya, mayaƙa sun iso ƙofarmu ke nan."