Kukan Mita

Tun ranar da ya ji cewa akwai ƙwan lantarki mai haske kamar rana, mai cin wuta kaɗan kamar mai ciwon haƙori, maigidan ya daina zama lafiya. Ya kwance tsofaffin ƙwayayen gidan kaf ya ɗaura sababbi. 'Ya'yansa suka laƙaba masa Kashe-Wuta, don ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya duba makunni.

Mitarsa tana manne a bangon ƙofar shiga, kafaɗa da kafaɗa da ta tela, maƙwabcinsa mai shago a gaban gidan. Rana ɗaya aka saka su. Shagon tela kuwa kullum kamar filin ƙwallo: fitilu tar, keken lantarki na gudu, dutsen guga ba ya hucewa.

Abin haushin, katin Kashe-Wuta ne ke ƙarewa kamar gishiri a ruwa.

Allah dai ya haɗa shi da maƙwabcin kirki. Mita na fara ƙiit-ƙiit, tela zai yar da almakashi ya rugo ba takalmi. "Yallaɓai, taka tana kuka! Hanzarta ka loda, kada yara su kwana a duhu." Ko sau ɗaya bai bari ta mutu ba. Har ƙwan lantarki biyu ya kawo masa kyauta, da shawarar a rage fanka.

Kashe-Wuta ya ƙara ɗamara. Ya cire ƙwan banɗaki, ya ce kowa ya san hanya. Ya zare firji, uwargida ta mayar da shi ma'ajiyar tukwane. Yara suka koma karatu kai da kai a ƙarƙashin ƙwai ɗaya, kamar 'yan tsaki.

Sati bai zagayo ba, mita ta sake kuka.

"Baban yara," in ji uwargida, "mu ne a duhu, mu ne da saye. In ta ƙara kuka kafin wata ya mutu, zan jona firjina, kai kuma ka ajiye wa'azin tattali."

Girmansa ne a kan faifai. Da magariba ta yi ya tara iyalin a bakin ƙofa, ya gyara tsayuwa.

"Yau zan nuna muku ana rayuwa ba wuta. Kakanninmu da mita aka haife su?"

Tela ya leƙo, allura a baki. "Haba yallaɓai, kada ka taɓa! Ka tausaya wa yara!"

"Bar ni, maƙwabci. Kai ba ka san zafinta ba."

Ya kama makunnin mitarsa, ya yi bismilla, ya ja ƙasa.

Ƙwan falonsa ɗaya tilo ya ci gaba da haskawa abinsa. Shagon tela ne ya yi ɗif, keken ya tsaya a tsakiyar ɗinki.