Wanda Ya Ari Fuskar Imrana

Mace ta uku ke nan da ta tsaya a ƙofar shagon Imrana tana murmushi kamar ta san shi tun yana goye. Yana cikin auna wa wani manomin Kwandere taki ta dire kular abinci a kan benci, ta ce ita ce Talatu daga Obi, tunda ya ƙi zuwa, ga ta ta zo.

Imrana ya dube ta da kyau. Bai taɓa ganin matar nan ba. Ta buɗe waya ta nuna masa: ga hotonsa, ga sunansa, ga allon shagonsa a bayansa, ga hira tun kafin faɗuwar damina. Shi kuwa ko shafin da aka buɗe da sunansa bai sani ba.

Abin haushin, ɓarawon fuskar nan ba ya neman komai. Da kuɗi yake karɓa, da sai a ce ɗan damfara ne kowa ya huta. Ina! Sai doguwar gaisuwa, ya gida, ya yara, an yi ruwa a wajenku, kin dai ci abinci ko. Talatu ta ce tun rasuwar mijinta ba ta sami mai sauraronta kamarsa ba. In ta kira, layin yana shiga amma ba ya ɗauka, wai i'ina gare shi, kunya yake ji. Matan nan uku duk zawarawa ne, kuma duk sun girme shi nesa ba kusa ba.

A garin Lafia kuwa magana ba ta kwana. Kafin a ce me, zance ya isa gidan su Sakinatu, yarinyar da aka sa musu rana bayan Sallah. Kawunta, Alhaji Mailafiya, ya aiko cewa ba za su ba da 'yarsu ga mai tara mata a waya ba. Ko Imrana ya fito da mai wannan aiki, ko a maido masa da kayansa. Sakinatu ma ta daina ɗaukar wayarsa, abin da ya fi komai ƙona masa rai.

Ya kai ƙarar shafin aka rufe, wani ya ɓullo. Ya yi rantsuwa har bakinsa ya gaji, ba mai yarda. Sai da ya zauna ya bi hotunan wayar Talatu ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanda aka ɗauke shi a tsakar gidansu ranar walimar ƙanwarsa. Hoton nan bai taɓa fita waje ba, a zauren dangi na waya kawai aka tura shi. Ashe da ɗan gari akan ci gari.

Nan take zuciyarsa ta tafi kan Muhyiddin, ɗan baffansa, wanda ya riga shi neman Sakinatu bai samu ba, har yau kuma da rabin baki yake gaishe shi.

Ya kai wa mahaifinsa maganar. Malam Babandi tsohon malamin firamare ne, tun rasuwar Inna, mahaifiyar Imrana, ba ya zuwa ko'ina, kullum yana zaure da wayar da Imrana ya saya masa don sauraron tafsiri. Da ma a tsaitsaye Imrana yake gaishe shi ya wuce, ran nan dai ya zauna. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a bar wa Allah, shi zai je da kansa ya ba Alhaji haƙuri, tonon silili ba ya haifar da ɗa mai ido.

"Baba, aurena fa ake shirin rushewa," in ji Imrana. "Wallahi ko wane ne sai na kunyata shi a bainar jama'a."

Ya ƙulla dabararsa bai gaya wa kowa ba sai Talatu, wadda ita ma take son ganin wanda ya mai da ita abin dariya. Ya shaida wa dangi cewa ban haƙuri za a je gidan Alhaji, Muhyiddin ma ya biyo sahu. Malam Babandi ya ce gwiwa ta matsa masa, Imrana ya dage har ya ɗauko shi a babur.

Bayan la'asar zauren Alhaji ya cika maƙil, har uba da ɗa suka zauna a matse a tabarma guda. Ana gama gaisuwa Imrana ya sa aka kira Talatu daga cikin gida, inda tun da farko ya sa ta jira. Ta durƙusa ta gaida manya, manyan suka sunkuyar da kai. Imrana ya ce yanzu za ta kira lambar mai shafin, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Yana magana idonsa na kan Muhyiddin.

Talatu ta danna, ta buɗe murya kowa ya ji layin yana shiga. Zauren ya yi tsit. Muhyiddin ya gane inda aka dosa, ya yi tsaki, ya zaro wayoyinsa biyu ya zube a gaban jama'a. Ko haske ba su kawo ba.

Ta sake kira. Shiru dai, ba ƙarar da ta tashi daga aljihun kowa.

"To, Imrana," in ji Alhaji Mailafiya, "ina ɓarawon naka? Ka nuna shi yanzu, ko a fito maka da akwatunanka."

Har yanzu layin Talatu na ta shiga, sai a lokacin Imrana ya ankara. A jikin cinyarsa yake jin wata waya tana karkarwa babu sauti daga aljihun rigar mahaifinsa, ga hannun tsohon ya riƙe masa gefen riga.