Bangon da Ke Washewa

A sababbin gidajen Nguru bango fari ne kamar nono, amma da zafi ya kai maƙura sai ya washe tas, a ga komai daga titi.

Uwani na yi wa mahaifiyarta wankan gawa sai ta ga farin ya fara tsinkewa daga sama.

"Gwaggo, watsa masa ruwa," ta ce da mai taya ta.

"'Yar nan, ruwan da ya rage na wankan ne."

Uwani ta zare mayafinta ta ƙara lulluɓe tsohuwar. Masu jiran jana'iza suka juya baya, ba wanda ya ce su juya, sun saba. Haka ta ƙarasa wanke uwarta tana kallon ƙeyar mutanen unguwa.