Inda Ganga Take Yin Shiru

Sallau, ajiye wayar nan ka saurare ni. Tun ɗazu kake kunna mini waƙoƙin mutane, kana cewa ka haddace su tsaf, har ka fi masu su murya. Ban musa ba, Allah ya ba ka maƙogwaro. Amma bari in ba ka misali, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani makaɗin masunta a wani gari na bakin gulbi. Shi bai iya ƙaga labari ba, abin da ya same shi kawai yake rerawa. Ranar da akuya ta cinye masa fatar ganga, waƙa ce. Ranar da aka kore shi daga gidan biki don ya manta sunan uban ango, ita ma waƙa ce. Amma wadda ta fi fice ita ce ta kifewar kwalekwale. Wata damina yana dawowa daga wasa a tsallake, gulbi ya cika ya batse, jirginsu ya kife a tsakiyar ruwa. Matuƙin, wanda shi kaɗai uwarsa ta haifa, ya cafko makaɗin ta wuyan riga, ya ɗora shi a kan gangarsa, ya tura shi har inda ƙafa ke taɓa ƙasa, sannan ya juya ya koma ɗauko wata mata. Matar ta fita, shi bai fito ba. Wata uku makaɗin bai taɓa ganga ba, da ya taɓa kuwa, wannan waƙa ce ta fito. A tsakiyarta, daidai inda yake cewa matuƙi ya juya ya koma, sai ya ɗaga sandar kiɗa sama, 'yan amshi su kame baki, a yi tsit gwargwadon numfashi uku, sannan a ci gaba. Ko a wace kasuwa ya rera ta, haka yake yi.

Shekara ashirin ta wuce, haƙoran makaɗin suka zube, murya ta dushe. Sarkin Ruwa ya ce bana a bikin su, wato kamun kifi na shekara, za a nemi wanda zai gaji gangar garin, tsoho ya huta. Tsohon ya ji zafin maganar ƙwarai. Sai ga wani mawaƙi daga wata ƙasa, murya kamar ka sace ka gudu. Ya daɗe yana bin tsohon a kasuwannin nesa yana kwashe waƙoƙinsa, bai bar ko baiti ɗaya ba. Abu guda ne bai yi masa ba, wato shirun nan. Ya ce wa 'yan amshinsa ai numfashi ne ke yanke wa tsoho, su za su toshe ramin. Ka ji shirme! Bai tambayi kowa ba, ya cusa kiɗan rawa mai zafi a gurbin.

Ranar biki bakin gulbi ya cika maƙil, masunta riƙe da koma da gora. Baƙo ya ɗauko waƙar kifewar kwalekwale, wallahi ya rera ta da kyau, har Sarkin Ruwa yana gyaɗa kai. Da ya iso inda matuƙi ya juya, sai ya saki kiɗa, 'yan amshi suka hau tafi da rausaya. Bai lura da wata tsohuwa da ta miƙe a gaban taro tana dogara sanda ba. Uwar matuƙin ce. A garin nan shirun nata ne: duk shekara a nan take tashi ta roƙa wa ɗanta gafara, jama'a su amsa. Ta buɗe baki, ganga ta haɗiye muryarta. Ta tsaya jim, ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba wanda ya zagi baƙon. Masunta dai suka juya masa baya ɗaya bayan ɗaya, har ya ga ƙeya kawai yake yi wa kiɗa.

Sarkin Ruwa ya aika aka ɗauko tsohon a kan jaki. Ya rataya gangarsa, ya fara da muryar nan tasa mai kama da fasasshiyar ƙwarya, rabin kalmomin ma ba sa fita. Da ya kai wurin, ya ɗaga sanda sama. Aka yi tsit, har ana jin ruwa na dukan gaɓa. Tsohuwa ta miƙe ta ce, "Allah ya jiƙan ɗana." Amin ɗin da ta tashi sai da aka ji ta a tsallake. Nan take Sarkin Ruwa ya ce muddin tsohon nan na numfashi, ganga tana wuyansa. Baƙo ya naɗe kayansa tun kafin a faɗa ruwa.

To Sallau, shi baƙon nan ya haddace duk abin da kunne ke ji, abin da ya rage masa shi ne bai taɓa shan ruwan gulbin ba. Kai kuwa ina nan ranar da mahaifinka ya fasa maka gurmi a ƙofar gida, ka zauna kana tsince ɓallin ƙwarya kana hawaye, ka haɗa wani kafin sati. Je ka rera mana waƙar wannan rana, na tabbata ba wanda zai iya ƙwace maka ita. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.