Jaririn da Ya Ɓace Daga Komi

Sai da ta sauke tukunya ta lura ta daɗe ba ta ji muryar 'yarta ba. Gobe Kirsimeti, gida ya cika maƙil da baƙi, ga surukarta tana faɗa a falo: "Wa ya ɗauke mutum-mutumin jariri Yesu daga komin dabbobin da muka shirya don ado?"

Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta leƙa banɗaki. Da ta ga ƙofar waje a buɗe, sai ta fita da sauri.

A sito ta same ta, a rakuɓe bayan buhuna. Faɗa ya zo mata har baki.

"Mama, a hankali," yarinyar ta raɗa, ta buɗe tafin hannu. Ɗan mutum-mutumin ne, naɗe cikin safarta. "Surutu ya hana shi barci."

Tun da watan ya kama uwar take neman inda za ta nutsu ta yi addu'a, aiki bai bar ta ba.

"Uwar gida, miya fa!" wani ya ƙwala kira daga kicin.

Ta jawo ƙofa a hankali, ta zauna a ƙasa.

"Matsa mini," ta raɗa.