Mai Jan Biro

Shekara goma sha ɗaya Nas tana zagaya makarantun 'yan mata da akwatin kwali mai tsaga a murfi, har ɗalibai suka laƙaba mata Anti Akwati. Takan tsaya gaban allo ta zuba abin da ta haddace: a canza ƙunzugu kafin ya jiƙe, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Bakinta na aiki, ita kanta ta daina jin abin da yake faɗa.

Mai jin kunya sai ta rubuta tambaya ba suna, ta jefa. A ƙarshe Nas ta zazzage, ta amsa, ta koma gida da akwati wayam.

Wata Litinin ta ci karo da takarda da jan biro, manyan baƙaƙe irin na mai ɓoye hannunsa: "Anti, in ƙunzugu bai bushe ba a ƙarƙashin katifa, a sa haka?"

Aji ya kwashe da dariya.

"Wace ce ke shanya a ƙasan gado?" in ji wata mai baki. "Ta fito mu ara mata igiya!"

Nas ta ce danshi ke haifar da cuta, ta wuce ta gaba.

Bayan mako biyu, a wata makarantar, ga jan biron nan kuma: ƙaiƙayi, da wari. Ta ce a ranta, matsalar yara duk iri ɗaya ce. Ta amsa wa aji.

Takarda ta uku ce, a wata makarantar daban, ta tsayar da ita. "Marata na ciwo, ina zazzaɓi. Na kasa gaya wa mamata, kullum a gajiye take."

Nas ta san inda irin wannan ke kai yarinya idan ya haura mahaifa. Ta taɓa gani, ba sau ɗaya ba.

"Mai takardar nan ta same ni a waje," ta ce. "Ba faɗa, ba tonon asiri."

Awa guda ta yi a bakin ofishin shugabar makaranta. Ba wadda ta zo.

"Wace irin uwa ce wannan, Hajiya?" ta ce wa shugabar. "'Ya na ruɓewa a gabanta ba ta gani ba?"

Ta isa gida ƙafa kamar ba tata ba. Autarta, wadda su biyu suka rage a gidan tun rasuwar maigida, na kwance a kujera.

"Sannu da zuwa, Umma."

"Yawwa. Kwanciyar mece ce da la'asar?"

"Kaina ne."

"Akwai magani a jakata. Ungo, ɗora akwatin nan kan kabad."

Aka yi hutu. Nas ta bar lambarta a makarantun uku, ko yarinyar za ta kira. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Ran kwana na tara ta sauko da akwatin don ta liƙe gefen da ya yage. Wani abu ya motsa a ciki. Takarda ce da jan biro: "Anti, yanzu ko miƙewa ba na iyawa."

Nas ta tsaya da takardar a hannu. Da hannunta ta zazzage akwatin ranar da aka yi hutu, kuma tun ranar bai fita daga gidan nan ba.